Sauya fitilun mota zuwa LED: inda kuɗin ke biya da inda ba ya biya

Yanzu da wuya ka kai mota wurin masu wayarin a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba a yi maka tayin "cikakken set" na LED ba: ƙwayayen gaba, sigina, birki, ribas, fakin da fitilar lamba, a ɗaura maka duka a zama ɗaya. Set ɗin ba abu ɗaya ba ne, don haka hukuncinsa ma ba ɗaya ba ne. Ƙananan fitilu sun ci kuɗinsu. Sigina sai da ƙarin aiki. Fitilar gaba kuwa, ko dai ta gyara maka tafiyar dare, ko ta mayar da kai abin zagi a hanya, kuma bambancin ba ya cikin lambobin da ke jikin kwali.

Mu fara da ta gaban, tunda nan ake yin asara.

Kwan halojin, wato irin wanda mota ke zuwa da shi, yana da ɗan zare a tsakiya, nannaɗaɗɗe, tsawonsa kusan milimita 5. Duk madubin da ke cikin gidan fitila an lanƙwasa shi ne domin wannan zaren, a daidai wannan wurin. In haske ya fito daga wani wuri dabam, ko da tazarar milimita 2 ce, madubin zai watsa shi sama da gefe. Saboda haka tambayar farko ga kowane kwan LED ita ce: ƙwayoyin haskensa sun zauna inda zaren yake zama?

A kasuwa kashi uku ne. Akwai mai fuska huɗu, mai kauri, da manyan ƙwayoyi masu launin ƙwai a kowane gefe. Shi ne mafi araha, shi ne kuma ya fi ɗaukar ido idan an kunna shi a shago. Kada ka saya. A jikin bango haskensa dunƙule yake, babu layin yanka, wato iyakar da haske ke tsayawa daga sama, yana hasko rassan bishiya da idon mai tahowa, kwalta kuwa daga mita 40 duhu. Kashi na biyu shi ne mai fuska biyu, allonsa siriri, bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, da ƙananan ƙwayoyi a jere a kowace fuska da fanka a gindi. Mai kyau a cikin wannan kashin yana ba da layi mai tsabta, kuma shi ya fi dacewa da aljihun yawancin masu mota. Na uku su ne na manyan kamfanoni, irin Philips Ultinon Pro da Osram LEDriving. Ba su fi na biyu ƙyalli ba, wani lokaci ma ba su kai shi ba, amma zamansu a soket daidai ne kuma haskensu ba ya faɗuwa sosai idan sun ɗau zafi. Tsadarsu ta ninka, jabunsu kuma ya yi yawa, don haka kwali mai suna a farashin banza ba sa'a ba ce.

Batun lambobi. Za ka ga an rubuta wat 120, lumen 20,000, lumen kuwa ma'aunin yawan haske ne. A sa mitar awo a wayar kwan, mota na aiki. Yawanci za a ga amfiya 2 ko ƙasa da haka a bolt 13.8, wato wat 28 ke nan, kuma kwan da ke cin wat 28 da wuya ya wuce lumen 3,000. Wannan ma ba kaɗan ba ne, domin halojin mai lamba H11 lumen 1,350 yake bayarwa, mai lamba 9006 kuma wajen 1,000. Rewayan da ya ƙi sa mita a gabanka, ka san dalili.

Irin motarka ma tana da ta cewa. Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda ake kira Muscle, tana amfani da H11 a dim, 9005 a ful, kuma dim ɗinta na cikin gilashi mai ƙwallo, wato furojekta. A cikin furojekta akwai ƙarfen da ke yanke haske daga sama, shi ya sa LED mai fuska biyu ke zama lafiya a cikinta, ba ta kashe wa mutane ido. Corolla ta 2003 zuwa 2008 da Accord ta 2003 zuwa 2007 suna da 9006 a dim, 9005 a ful, gidan kuma madubi ne buɗaɗɗe, babu abin da zai tare kuskure. A irin waɗannan sai kwai mai kyau sosai, in ba haka ba gara sabon halojin na kirki. Motoci masu kwan H4, kamar tsofaffin Hilux da Hiace, sun fi kowa wahala, domin kwai ɗaya ne ke yin dim da ful. Duba ko akwai ɗan murfin ƙarfe a ƙarƙashin ƙwayoyin dim. In babu, dim ɗinka ful ce.

Wurin ɗaurawa, ƙwayoyin su kalli hagu da dama, kamar ƙarfe 3 da ƙarfe 9 a agogo, allon yana tsaye. Yawancin ƙwayayen suna da zobe mai juyawa da ɗan noti na ɗaurewa. Yara a gareji sukan cusa kwan yadda ya shiga su rufe bonet, sai ka ga haske ya karkace ko wani baƙin tabo a tsakiyar hanya.

Sannan saiti, wanda kusan babu mai yi, alhali shi ne rabin aikin. A ajiye mota a fili mai daidai, tayoyi da iska yadda ya kamata, mita 10 daga bango. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi a bango a wannan tsayin. Layin yankan dim ya sauka santimita 10 zuwa 12 ƙasa da shi. Fitilun Turai da yawa ma an buga adadin a jikin gidan, 1.0% ko 1.2%. Akwai noti a bayan gidan na sama da ƙasa, sukudireba ko ƙaramin sifana kawai yake bukata. Dabara mai sauƙi: kafin a cire halojin, a yi wa layinsa alama da salatif a bango, bayan an sa LED a mayar da layin wurin. Motar da aka juya wa sitiyari daga dama, 'yar Ingila ko Japan, fitilarta tana ɗaga haske ta hagu, kai tsaye cikin idon mai tahowa, tunda a dama muke tuƙi. Wannan saiti ba ya gyara ta, sai an canza gidan fitilar.

Zafi shi ne ajalin LED. Ƙwayar ba ta jefa zafi gaba kamar halojin, a gindi take tara shi. In fanka ta tsaya, haske ya ragu, ya koma shuɗi-shuɗi, daga nan sai mutuwa. A nan ƙurar hunturu ce babbar matsala, domin masu ɗaurawa kan cire murfin robar bayan gidan su jefar don gindin kwan ya samu wuri. Wata biyu, fanka ta cika da ƙasa, madubi ya dushe, damina ta zo gilashi ya riƙa gumi daga ciki. Ana sayar da murfi mai zurfi, ko a zaɓi kwai mai gajeren gindi. Ɗan akwatin wutar da ke jikin wayar kwan kuma a ɗaure shi da taya-raf nesa da injin, kada a bar shi yana lilo. A gwada haske bayan minti 20 a kunne, ba a sakan na farko ba.

Launi, wanda ake auna shi da K, ƙaramar lamba rawaya, babba fari zuwa shuɗi: halojin yana wajen 3,200K, yawancin LED 6,000K zuwa 6,500K. Farin yana fito da allunan hanya da fenti sosai, amma cikin hazo da ruwan sama yana gajiyar da ido, baƙar kwalta jiƙaƙƙiya kuma shanye shi take yi. Mai yawan bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ko Katsina zuwa Maraɗi a watan Disamba da Janairu ya nemi 4,300K zuwa 5,000K in ya samu, fitilun hazo na bamba kuma ya bar su rawaya, 3,000K. Duk abin da ya haura 6,500K ado ne.

In gilashin fitilar ya yi rawaya, kada a fara da sayen kwai. A goge shi da sanfefa da ruwa, lamba 800, sannan 1500, sannan 2000 ko 3000, a fesa masa fenti mai sheƙi mai tare rana. Man birki da ake shafawa yana sa shi walƙiya na kwana biyu, sannan ya tsattsage robar.

Wasu matsaloli biyu na wuta. Camry da aka shigo da ita daga Amurka ko Kanada tana kunna kwan ful da rana a kan ragaggiyar wuta. Halojin ba ruwansa, LED kuwa sai ya riƙa kyafta ko ya ƙi kamawa. Ful ɗin ma a bar shi halojin ya fi, domin 9005 na jefa haske nesa ƙwarai. Motocin Turai masu kwamfutar duba ƙwayaye, Mercedes, BMW, Golf daga ta 5, suna ganin ƙarancin cin wuta a matsayin kwai ya mutu, su nuna gargaɗi a dashbod ko su yanke layin. Maganinsa ɗan akwatin da ake kira dikoda, a saye shi tare da kwan.

A Jamus sai a 2020 aka fara amincewa da sa kwan LED a gidan halojin a kan hanya, Osram Night Breaker LED na H7, kuma mota-mota ake ba da izinin bayan gwaji. A Ingila, tun 2021 motar zamani da aka sa wa LED a gidan halojin faɗuwa take yi a gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Ba ƙin zamani ba ne, batun idon mai tahowa ne.

Sigina. Kwan wat 21 yana jan amfiya wajen 1.75, LED kuwa ko rabin amfiya ba lallai ya kai ba. Riley, na'urar da ke sa sigina kyaftawa, ya ɗauka kwai ya ƙone, sai ya ninka saurin kyaftawa. Hanya biyu ce. Mafi tsabta, a canza riley zuwa na LED. Toyota da yawa na shekarun 2000 suna da mai ƙafa 8 a ƙarƙashin dashbod, cire ka sa ne. Ta biyu, resista mai om 6, wat 50, a haɗa tsakanin wayar sigina da ta ƙasa, wato wadda ke haɗe da ƙarfen mota, ɗaya ga kowane kwai, don ta riƙa jan wuta kamar tsohon kwan. Lissafa: bolt 13.8 a kan om 6 ya haura wat 30 na zafi. Dole a ɗaure ta da sukuru a jikin ƙarfen mota. Wadda aka naɗe da salatif aka tura bayan kafet ɗin but tana narkar da roba, kuma da ita babu wata wuta da aka rage. A kula da ƙafafun kwan ma: na kwai mai lamba P21W suna fuskantar juna daidai, na PY21W a karkace suke, ba sa shiga soket ɗin juna sai da ƙarfi.

Birki yana amfana da LED ƙwarai, domin yana kamawa nan take, halojin kuwa sai zare ya yi ja. Sharaɗi biyu. Bayan jan gilashi a sa jan LED, bayan ruwan lemo a sa ruwan lemo. Farin kwai a bayan jan gilashi yana fitowa fari-fari, ba ƙarfi. Na biyu, a kwai mai zare biyu, 1157 ko 7443, a kunna fakin, wani ya taka birki, kai ka tsaya mita 20 a baya. In bambancin bai fito fili ba, a cire, arahar nan ita ke sa a daki mutum ta baya. Wasu motoci kuma jeren wayoyin soket ɗin 7443 da 3157 ɗinsu dabam ne, ana kiransa CK. In fis ya ƙone da zarar an sa kwai, dalilin ke nan, kada a ƙara girman fis.

Kwan ribas, mai lamba 921, da ƙananan T10 na fakin da lamba ba su da wata rigima. In kwan bai kama ba, a juya shi. A guji shuɗi da masu walƙiya.

Kafin ka biya, kunna rediyo a tashar FM mai rauni, sannan a kunna fitilu. In tashar ta cika da shuuu, akwatin wutar kwan ba shi da kariya. Zoben ferait, ɗan zoben da ake maƙala wa waya, yakan rage ƙarar, in bai rage ba a canza kwan tun kana wurin. Tsofaffin halojin ɗinka kuma karɓe su, ka naɗe a takarda ba tare da taɓa gilashin da hannu ba, ka ajiye a mota.