5D Mark III ko R6? Amsa ga ƙanenmu mai son canja aparai

Salamu alaikum 'yan gurup. Ƙanenmu ya yi tambaya jiya da dare, wai yana da aparai na ɗaukar foto, Canon 5D Mark III, da objektif biyu, wato gilashin da ake ɗaura wa aparai a gaba, 24-105 da 70-200, aikinsa bikin aure ne da suna da ɗan bidiyo, ya samu mai sayen aparai ɗin, kuma an yi masa tayin Canon R6 okaziyo, wato wadda aka yi aiki da ita, shin ya sayar ya cika kuɗi ya ɗauko ta, kuma abin da ya fi damunsa shi ne yaya take a hannu. To ƙanena ga nawa. Na yi aiki da su duka biyun, kuma maganar riƙo da aiki zan yi ba maganar kyan foto ba, don kyan foto kam in da rana aka ɗauka aka wanke aka ajiye maka su gaba ba lalle ka rarrabe ba. 5D Mark III ta fito 2012 da megapiksel 22, R6 ta fito 2020 da megapiksel 20, ka ga ma sabuwar ce ke ƙasa a lissafi, kuma ban taɓa jin amaryar da ta maido da albom saboda wannan ba.

Nauyi tukuna, tunda shi kowa ke fara faɗi. 5D da batiri da kart gram 950 ce, R6 kuma gram 680. A takarda tazarar da yawa, amma kai objektif ɗinka na EF ne, wato masu bakin da ke hawa 5D, ba za su hau R6 ba sai da adafta, ita kuma gram 110 ce, kenan ka dawo 790, abin da ka rage bai kai gram 200 ba. Da 24-105 za ka ji sauƙin a wuya in ka yini rataye da ita daga ɗaurin aure har kai amarya, wannan gaskiya ne. Amma ranar da ka ɗora 70-200 mai f/2.8, wanda shi kaɗai ya kusa kilo ɗaya da rabi, sai ka ji kan aparai yana rinjaya gaba, don adaftar ta ƙara tura shi nesa da jikinka kuma babu nauyi a baya da zai daidaita. A 5D tafin hannu yana cika, yatsu huɗu duk sun samu wuri. R6 mariƙinta na da zurfi, da daɗin kamawa, sai dai gajere ne, in hannunka babba ne ƙaramin yatsa zai riƙa zamewa ƙasa. Akwai girif nata, ƙarin mariƙi da ake ɗaura mata a ƙasa, BG-R10 mai cin batiri biyu, yana gyara wannan, to amma in ka sa shi ina sauƙin nauyin da ka je nema?

Butoci su ne za su fi ba ka haushi a satin farko. A 5D akwai layin butoci a hagun ekran, na duba foto, na gogewa, na zum, hannun hagu ya saba da su. A R6 ekran ɗin na buɗewa ne ta gefen hagu, don haka an kwashe su, duba foto da gogewa sun koma ƙasa ta dama. Za ka yi ta kai babban yatsa inda babu komi kamar wanda ya sauya ɗaki yana laluben makunnin fitila a tsohon wuri. Ƙaramin ekran na sama da ke nuna maka reglaj shi ma babu, wurin an sa faifan zaɓen yanayin ɗauka mai M da Av da Tv, wanda a 5D yake hagu da ɗan makulli a tsakiya, a R6 kuwa ba shi da makulli, in ka cusa ta cikin sak da gaggawa ka duba kafin ka fara ɗauka. Amma akwai abu ɗaya da na fi so a R6, faifai uku ne da ita, ɗaya na gudun shata, ɗaya na buɗin objektif, ɗaya na ISO, wato ƙarfin karɓar haske, kowane da yatsansa, ba sai ka danna buton ISO sannan ka juya ba kamar a 5D. In hannu ya saba wallahi ba ka son komawa. Ɗan sandan nan na baya da ake matsar da fokus da shi yana nan a duka biyun, sai dai ka shiga meni ka kunna shi, kar ka ga bai motsa ba ka ce an sayar maka da lalatacciya.

Yanzu wurin leƙawa, nan ne ainihin bambancin. 5D madubi ne, abin da idonka ke gani shi ne abin da ke gabanka, ko aparai a kashe take kana iya leƙawa ka jira. R6 ƙaramin ekran ne a ciki, yana nuna maka foton yadda zai fito tun kafin ka danna. Ka san wahalarmu a nan, ango da farar shadda tana ƙyalli, rana tsaka a ƙofar gida, fuska baƙa ƙarƙashin hula, in ka bi fuska shadda ta ƙone aikin ɗinki ya ɓace, in ka bi shadda fuska ta nutse. Da 5D sai ka ɗauka, ka sauke, ka kare ekran da hannu don rana ba ta barinka ka gani, ka gyara, ka sake, mutane na tsaye suna zufa suna cewa mai foto yi sauri. Da R6 idonka na ciki kana juya faifai kana kallon surfanin wuyan riga yana fitowa, inda ya yi daidai ka danna, shi ke nan. Har duba foton ma a cikin maleƙin kake yi, ba ruwanka da hasken rana. Ni wannan kaɗai ya ishe ni dalili.

Amma tana barci. In ka bar ta rataye ta yi shiru, ka ɗaga ka kai ido za ka ga baƙi na ɗan lokaci kafin ta farka, kuma a hawan Sallah gaban fadar Sarkin Damagaram, lokacin da mahaya suka sako dawaki da gudu suka ja linzami gab da jama'a, wannan ɗan lokacin shi ne foton. Dabarar ita ce ka taɓa buton ɗauka rabi tun tana ƙirjinka, kafin ta iso ido ta farka. 5D ba ta san wannan matsala ba. Haka in kana aiki a sitidiyo da manyan filash, dole ka kashe abin nan da ke kwaikwayon hasken foto a meni, in ba haka ba duhu kawai za ka gani. Kuma ramin igiyar filash na gefe da 5D ke da shi babu a R6, sai ka nemi tiriga, na'urar tada filash daga nesa, ta saman kai.

Fokus kuwa ba a haɗa su. 5D na da ɗigo 61 kuma duk sun taru ne wajen tsakiya, shi ya sa muka saba kama ido da ɗigon tsakiya sannan mu karkata aparai. R6 kusan duk faɗin foton take kamawa, tana neman fuska da ido da kanta ta bi mutum yana tafiya. Da dare a filin biki, fitila biyu uku, amarya na shigowa ana liƙi, inda objektif a 5D zai yi ta kai da komo yana nema, R6 ta riga ta kama. Sai dai kar ka sakar mata ragama gaba ɗaya. In ƙawayen amarya suka yi cincirindo fuskoki goma cikin foto, ita ba ta san wacce ce amarya ba, tana iya maƙalewa kan wata mai dariya a gefe, sai ka tura ta da ɗan sandan baya zuwa fuskar da kake so. In amarya na cikin lulluɓi babu fuskar da za ta gani, nan ka koma ɗigo ɗaya irin na da. Ni na ware buton ɗaya a baya don ɗigo ɗaya, buton AF-ON kuma na bin ido, babban yatsa ke zaɓa ba sai na shiga meni ba. Mai rawani da amawali yawanci tana samun idon. Dabbobi kuma karnuka da kyanwa da tsuntsaye aka koya mata, doki sai a R6 Mark II ta 2022 aka ƙara shi, don haka ranar hawa ka bar ta kan mutane ta bi mahayin.

Tana da abin hana rawar hannu a cikin jikinta, 5D ba ta da shi sai wanda ke cikin objektif. Yana taimako sosai a ɗaki mai duhu da kuma bidiyo, amma rawar hannunka yake tsayarwa ba rawar masu rawa ba, in ka sauke gudun shata da yawa ana kiɗa, bango zai fito tsaf mutane su fito kamar hayaƙi.

Batiri, nan 5D ta yi mata fintinkau. A ma'aunin kamfani 5D tana kai foto 950 da caji ɗaya, R6 kuma 380 in ta maleƙi kake ɗauka, 510 in ta ekran. A aiki ana wuce waɗannan lambobi, amma dai ka riƙe cewa inda batiri ɗaya ke kai ka yamma yanzu biyu ko uku kake so, kuma ka san yadda kuran, wutar lantarki, ke yi mana in zafi ya shigo. Abin daɗin shi ne tsofaffin batirinka LP-E6 suna shiga R6, girmansu ɗaya da nata LP-E6NH, sai dai da tsoho ba ta kai cikakken gudunta na foto 12 a daƙiƙa. Tana cajuwa ta USB-C da pawabank mai PD, wato mai saurin caji, amma batiri irin LP-E6N da LP-E6NH kaɗai, asalin LP-E6 sai a caja. Kart ɗinka na CF kuma sun tashi aiki, R6 ramin SD biyu gare ta, ka sa ta rubuta a duka biyun lokaci guda, aikin aure ba a maimaita shi.

Ƙura. Mu da hunturu ke rufe mana gari da hazo dole mu yi wannan magana. A 5D in ka cire objektif madubi ne a gaba. R6 babu madubi, amma in ka kashe ta labulen shata yana sauka ya rufe sensa, wato wurin da ke karɓar foton a ciki, don haka ka kashe kafin ka canja objektif, ka juya bakinta ƙasa, kuma tunda duk naka EF ne ka bar adaftar a jikinta kullum. Kar ka taɓa labulen nan da yatsa, kar ka hura da baki.

Ɗauka ba ƙara tana da amfani wurin ɗaurin aure, liman na addu'a kai kana aikinka ba wanda ya juyo. 5D ma na da nata na rage ƙara amma ana ji. Sai dai a wannan yanayi filash ba ya tashi, ƙarƙashin wasu fitilun LED da neyon layi-layi na fitowa a foto, kuma in ka bar ta a jere foto 20 take zubawa a daƙiƙa, ka dawo gida da dubbai kana tsinta har asuba.

Ka ce kana ɗan bidiyo. 5D Mark III iyakarta 1080 kuma ba ta bin fokus da kanta ana cikin ɗauka, hannu ne. R6 tana bi, tana 4K har 60, ekran na juyawa ka ɗaga sama da kawunan jama'a kana gani. Amma sanannen abu ne tun fitowarta cewa tana zafi a 4K ta tsaya sai ta huce, Canon sun fitar da gyaran manhaja da ya rage abin, bai kawar da shi ba, mu kuma Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40. A 1080 da sauƙi. Duka biyun kuma suna yanke ɗauka in an kusa minti 30. In bidiyo ne zai zama rabin cinikinka, wa'azi, taro, kokowa, to ka daure ka ƙara tari ka nemi R6 Mark II, ita an cire mata iyakar minti 30 ɗin kuma ta fi jure zafi.

Wani abu da ba a faɗa wa mutum sai ya kai gida, RAW ɗin R6, wato ɗanyen fayil ɗin foto, CR3 ne ba CR2 irin na 5D ba, tsohon Lightroom ko Photoshop da ke cikin ordinater ɗinka ba zai buɗe shi ba. Manhajar DPP ta Canon kyauta ce, DNG Converter na Adobe ma kyauta ne, ka sauke ɗaya kafin aikin farko.

To shawarata ƙanena, tunda yawancin bukukuwanka na yamma da dare ne, ka ɗauki R6, fokus da ganin haske kafin dannawa sun cancanci kuɗin. Amma in da hali kar ka sayar da 5D, kuɗin da za a ba ka a kanta yanzu bai kai amfaninta ba, ka bar 70-200 a kanta inda ya fi zama daram, 24-105 a R6, ka huta da canja objektif cikin ƙura, batiri kuma iri ɗaya suke ci. In dole sai ka sayar kafin ka cika, to ka sa kuɗin adafta da batiri biyu da kart masu sauri cikin lissafi tun yanzu, kuma kar ka karɓi aikin aure a satin da ta iso, ka zaga da ita cikin Damagaram, Birni da Zango da bakin kasuwar Dole, har yatsunka su daina neman butocin hagu. Wajen karɓa, ko daga Kano aka kawo ta ko Yamai, ka je da objektif ɗinka da kart ɗinka, ka gwada ramin SD duka biyu, ka ɗauki farin bango a f/16 ka duba tabo, ka juya ekran ka ga ba ya ɗaukewa. In ka girgiza ta a kashe ka ji wani abu na motsi a ciki kar ka tsorata, sensar ce ke lilo don abin hana rawar hannu, da ka kunna zai daina.