Madubin Likita, Mutum-mutumin Roba ko Hoton Bango: Wanne Za a Fara Saya wa Ajin Bayoloji?

Malam, idan mai makaranta ya damƙa maka 'yan kuɗi ya ce ka sayo kayan koyar da bayoloji, kada ka shiga shagon kayan kimiyya sai ka san abin da ya kai ka. Za a jera maka madubin likita, da mutum-mutumin roba mai buɗaɗɗen ciki, da hotunan bango a nannaɗe, kuɗin kuwa ba za su ɗauki duka ba. Ni dai da darasin matakan ginin halitta nake auna kowane kaya.

Matakan biyar ne: ƙwayar halitta, sai tishu, wato taron ƙwayoyi masu aiki iri ɗaya, sai gaɓa kamar zuciya, sai tsarin gaɓoɓi irin na narkar da abinci, sannan cikakkiyar halitta. Manhajar WAEC ta kawo amiba da faramisiyam, ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya, a matakin farko, haidira, wata 'yar halittar ruwa, a na tishu, zuciya da kan albasa a na gaɓa. Ukun ƙarshe ido yana ganinsu. Biyun farko ne suke gagarar ido, shi ya sa madubin likita ya fi cancantar kaso mafi tsoka na kuɗinka. Robert Hooke ma sai da ya leƙa irinsa kafin ya bayyana ƙwayar halitta a littafinsa na 1665.

A nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Akwai na roba mai kwali mai ƙyalli da aka rubuta yana girmama abu sau 1,200. Rabu da shi, abin wasan yara ne, dishi-dishi kawai za ka gani. Nemi mai jikin ƙarfe da gilashi na gaske, wanda madubin idonsa yana girmama abu sau 10, na ƙasa kuma sau 4 da 10 da 40. Idan ka ninka, ka samu 40 da 100 da 400, kuma sun wadatar da sakandare. Mai lamba 100 da ake ɗiga wa mai na ɗakin gwajin asibiti ne, ba ka da buƙatarsa.

Sai batun haske. Wani kwan lantarki gare shi, wani kuma ɗan madubi ne a ƙasa da ake juyawa ya ɗebo hasken taga. Da yadda wuta take a Rigasa ko Tudun Wada, mai kwan da sai an jona shi a bango zai iya zama kayan ado. Ka ɗauki mai madubi, ko mai batirin caji.

Kada ka biya sai ka gwada. Tafi da albasa a aljihu. Ɓare siririyar fatar cikin nan mai kama da leda, shimfiɗa ta a kan gilashi, ɗiga mata aidin. A madubi mai kyau za ka ga ƙwayoyin sun jeru kamar bulo a katanga, kowace da ɗigo a cikinta. Ka ga ƙwaya, ka ga tishu, a leƙe ɗaya. Saki makunnin daidaitawa kuma ka jira; in hoton ya zame da kansa, mayar wa mai shago da kayansa. Ka tabbata an haɗa maka da akwati, don ƙurar hunturu da laimar damina duk suna ɓata gilashin.

Mutum-mutumin roba yana da amfani wajen nuna inda hanta take da yadda hanji ya naɗe, amma yana da tsada, yara kuma kan ɓatar da ƙodarsa tun zangon farko. Ya jira baɗi. Kafin nan, mahaucin unguwarku zai sayar maka da zuciyar akuya da huhu haɗe da maƙogwaro. Zura bututun roba ka hura, huhun ya kumbura a gaban yara. Ban taɓa ganin ajin da ya manta wannan ba.

Hoton bango shi ne mai araha. Sayi biyu, na ƙwayar dabba da ta tsiro a gefe da gefe, da na tsarin narkar da abinci. Zaɓi mai rufin leda, ka tsaya daga bakin ƙofar shagon ka duba ko rubutun yana karantuwa, domin nisan ɗan bencin baya ke nan.