Hattara da jabun kayan wasan Star Wars da ake tallatawa a matsayin na da

Yaran da suka taso a Amurka da Ingila tsakanin 1978 da 1985 suna wasa da 'yan mutum-mutumin roba na fim ɗin Star Wars, yau yawancinsu sun ba shekara 45 baya, kuma suna da kuɗin sake sayen abin da iyayensu suka zubar a shara. Su suka sa kayan suka yi tsada. 'Yan damfara kuwa sun lura cewa wanda ya ga abin da ya tuna masa da ƙuruciya ba ya tsayawa dogon bincike. Don haka duk mai saye ta eBay ko zaurukan Facebook, don sha'awa ne ko don ya juya ya ci riba, ya karanta wannan kafin ya tura ko sisi.

Kamfanin Kenner na birnin Cincinnati ne ya yi na asalin, Palitoy kuma ya riƙa sayar da su a Ingila. Tsawon yawancinsu inci 3 da kwata uku ne. Guda 12 aka fara fitarwa a 1978, aka rufe yin su a 1985. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, jikin mutum-mutumin kansa ba shi da wata tsada, domin miliyoyi aka ƙera. Kuɗin yana wajen ƙananan tarkacen da yara suka ɓatar tun tuni: bindiga, takobi, alkyabba, da kwalin da aka manna shi a kai. A nan ake yin algus ɗin. Za a kawo maka jiki na gaske, a haɗa shi da bindigar da aka zuba bara, a rubuta maka "cikakke, na asali".

Fara da juya shi ka duba bayan ƙafafunsa. Akwai hatimi a cikin robar. Na farko-farko suna ɗauke da haruffan haƙƙin mallaka G.M.F.G.I. 1977, na baya kuma L.F.L. da shekara, sau da yawa haɗe da sunan inda aka ƙera, galibi Hong Kong, wani lokaci Taiwan. Shekarar 1995 ko wadda ta fi ta na nufin sabon zubi ne, ba na zamanin da ake nema ba. Tun 2019 kamfanin Hasbro ke fitar da wasu masu suna Retro Collection, waɗanda aka ƙera su da gangan su yi kama da na da. Halastattu ne, masu araha, amma macuta sukan kankare hatimin ko su ɓoye shi a hoto. Ƙafar da aka goge har ta yi sulɓi ko ta yi kwarmi abin tuhuma ce, ko da yake akwai na asali da kamfani da kansa ya toshe sunan ƙasar a jikinsu, don haka sai an kwatanta da hotunan irin wannan samfurin.

Makamai su ne suka fi wahalar da masu saye. An saba jefa su a kofin ruwa a danna: yawancin na asali sukan taso sama, jabun da aka yi da wata irin roba mai tauri kuma su nutse. Gwajin yana kama jabun da, amma masu yin na yanzu sun gano robar da ke tasowa, saboda haka tasowa kaɗai ba shaida ba ce. Samo gilashin ƙara girma irin na mai gyaran agogo. Na asali yana da 'yan da'irori ƙanana inda sandar inji ta turo shi daga mazubi, zanensa kuma a fayyace yake. Jabun da aka kwafo daga jikin na asali yakan ɗan ƙanƙance, zanen ya dushe, wani lokaci ka ga ramukan iska kamar hujin allura. Baƙar bindigar da fenti ke ɓarewa a jikinta ma abin zargi ce, domin launin yawancin na asali a cikin robar yake.

Cikin kayan 'yan fim ɗin akwai guda uku da sunansu kaɗai ya isa ya sa ka ja baya ka sake lissafi. Na farko Jawa mai alkyabbar leda. Kenner ya fitar da shi na ɗan lokaci a 1978, sannan ya sauya masa rigar yadi. Mai yadin bai fi 'yan gomman daloli ba, mai ledar kuwa dubbai ne. Abin da ake yi shi ne a ɗauko alkyabbar Obi-Wan Kenobi, a yanke ta da almakashi, a rataya wa Jawa. Ta gaske launinta kusan ɗaya da jikin Jawan, ta Obi-Wan ta fi duhu da ja-ja, gefen da aka yanka da hannu kuma ba ya fita daidai. Na biyu takobin haske mai zarowa hawa biyu, wanda aka saka wa Luke, Darth Vader da Obi-Wan na farkon fitowa. Na Vader da Obi-Wan ƙalilan ne a duniya, kada ka yarda wai an tsinto ɗaya a akwatin kaka. Na uku Boba Fett mai harba roka daga baya. Wannan ba a taɓa sayar da shi a kanti ba. An soke rokar kafin a raba shi a 1979, bayan wani yaro ya rasu sanadin shaƙewa da 'yar rokar wani abin wasa na kamfanin Mattel. Samfuran gwaji ne kawai suka saura. A 2024 kamfanin gwanjo na Heritage ya sayar da ɗaya dala 525,000, Goldin kuma ya sayar da wani fiye da dala miliyan 1.3. Wanda ya ce zai ba ka a dala 500 saboda matsin da yake ciki, ai ka san inda aka dosa.

Sai waɗanda ke cikin kwalinsu ba a buɗe ba, inda asarar ta fi zafi. A masana'anta da zafi ake like murfin robar a kan kwalin. Macuci kuwa gam yake shafawa. Haska gefen murfin da tocilan irin ta duba jabun kuɗi a ɗaki mai duhu: gam da sabon fenti sukan yi wani haske daban da sauran wurin. Duba kwalin da gilashi. Bugun ɗab'i na da yana nuna ɗigogi a jere cikin tsari, na firintar gida kuwa a warwatse suke, baƙin rubutu kuma gefensa ba ya kaifi. Kwalin da ya haura shekara 40 amma bayansa fari fat, ba ko lanƙwasa, a yi masa tambayoyi.

Wata dabarar ita ce jiƙa Stormtrooper, farin sojan fim ɗin, da ya yi rawaya a ruwan haidirojin na wanke ciwo a shanya a rana. Yakan fito fari tas a hoto, bayan wani lokaci rawayar ta dawo, an riga an karɓe kuɗinka.

Akwatin da kamfanonin tantance kayan wasa na AFA ko UKG ke rufe kaya a ciki yana rage haɗari, amma shi ma ana buga takardarsa ta bogi. Karɓi lambar da ke jiki ka tabbatar da ita wajen kamfanin da kansa, ka ga ko bayanin ya dace da abin da ke ciki.

Wani ma ba shi da kayan kwata-kwata, hoton wani ya sato. Saka hoton a Google Lens ka ga ko ya taɓa fitowa a wani gwanjon. Ka ce ya ɗauko sabo da takarda a gefe mai ɗauke da sunansa da kwanan wata da rubutun hannu, da hoton bayan ƙafa, da makamin gaba da baya. In ya ce ku bar eBay ku ƙarasa ta WhatsApp don ya rage maka, ko ka biya ta sashen 'yan uwa da abokai na PayPal, ko da katin kyauta, ko kirifto, to so yake ya raba ka da damar neman a mayar maka da kuɗi. Biya ta sashen kaya da ayyuka na PayPal yana ba ka kwana 180 na shigar da ƙorafi idan kayan ba su iso ba, eBay kuma kwana 30 bayan isowarsu. Ranar da suka iso, ɗauki bidiyon buɗe kunshin tun daga yanke salatif, ka yi duk gwaje-gwajen nan a makon farko, kuma kada ka ɓare komai daga kwalinsa kafin ka gama.