Wata bakwai ina girki a murhun ƙarfe mai cin itace kaɗan

Tun da gas ya yi tsadar da sai dai a bar shi don shayin safe, na koma wa itace. Murhun duwatsu uku kuwa na san halinsa tun ina yarinya a gidanmu na Ƙofar Mazugal: ido ya yi ja, tari ya sarƙe ki, itace kuma kamar ana zuba shi a rijiya. Shi ya sa maigidan ya sayo mini murhun ƙarfen nan da ake shafe cikinsa da yumɓu, a wajen wani maƙeri a Ƙofar Ruwa.

Ranar farko saura kaɗan in ce a mayar. Na cusa manyan faskare uku a bakinsa yadda na saba, na ƙyasta ashana, sai hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana cewa, "Maman Abba, lafiya kuwa?" Ashe ni na toshe masa numfashi. Akwai ɗan faifan ƙarfe da itacen ke kwanciya a kai, iska na shiga ta ƙarƙashinsa ta haura da wutar zuwa gindin tukunya. In aka cika bakin, ko aka bar toka ta taru a ƙasa, shi ke nan, sai hayaƙi.

Yanzu kafin komai nakan kwashe tokar jiya. In sa ƙirare da ɗan karan dawa, in kunna, in fifita kaɗan, sai na ji wutar ta fara wannan ƙugin nata sannan in tura itace biyu ko uku, kowanne bai wuce kaurin muciya ba. Kan itacen kawai ke ci, kina turawa a hankali. Don Allah 'yan uwana mata, a daina hura wuta da leda ko tsohon silifas, wannan hayaƙin guba ne, kuma yara na zagaye da mu.

Marke ya fi yi mini, yana daɗewa ya bar garwashi mai kyau da nake ɗumama miya a kai. Darbejiya tana kamawa da wuri amma ba ta jimawa. Ƙullin itacen da a da yake ƙarewa a yini guda, yanzu yakan kai ni washegari, ko da na dafa wake.

Sai dai murhun yana da nasa. Ba a ɗora tukunya a tafi wanki, domin siraran itace na son mai tsaro. A watan Agusta, da ruwa ya yi ta sauka a Kano, na sha wuya sosai: itace mai danshi ba ya ko sauraronsa, sai da na riƙa jera faskaren gobe a gefensa ya sha zafi. Wajen tuƙin tuwon masara kuma rawa yake yi, dole Abba ya riƙe mini kunnen tukunya da tsumma. Yumɓun ma ya tsage ta gefe ɗaya. Da na aika wa maƙerin, cewa ya yi, "Hajiya, ki kwaɓa yumɓu da toka ki liƙe." Na liƙe, ya riƙe har yau, kuma na riga na sa ya ƙera wa Inna nata, mai faɗin gindi saboda tuwo.