Ya iya ɗaukar hoto a fili, amma gyaransa ya sauya mana launin fata

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da mai ɗaukar hoton da ya yi mana hotunan kafin aure, kuma tun haɗuwarmu ta farko ya ce shi ya fi son a fita lambun shaƙatawa mai manyan bishiyoyi da ciyawa, maimakon a tsaya a cikin ɗaki gaban labule. Ya kuma kafe a kan cewa sai saura kamar sa'a guda rana ta faɗi za a fara. Da na nemi a yi da tsakar rana domin mu gama da wuri, sai ya bayyana mini cewa a lokacin hasken yana saukowa ne daga sama kai tsaye, yana barin duhu a ƙarƙashin idanu da haɓa, ga shi kuma mutum zai yi ta ƙanƙance ido.

A fagen aiki kam, mutumin ya san abin da yake yi. Ya sa mun juya wa rana baya har haskenta ya zagaye gefen kanmu da kafaɗunmu, yaronsa kuma yana riƙe da wani faifai mai ƙyalli yana dawo mana da haske a fuska. Ya hana mu tsayawa a ƙarƙashin bishiyar da rana ke ratsa ganyenta, domin hakan yana yi wa fuska dabbare-dabbare, kuma ya ɗauke mu daga tsakiyar ciyawa saboda korenta yana haskowa a wuya. Da gilashin kyamara mai milimita 85, irin wanda ke jawo abu kusa, ya yi yawancin aikin, yana tsaye daga nesa, wanda hakan ya sa bayanmu ya dusashe da kyau, ya kuma rage wa wadda zan aura kunyar da take ji. Abin da ya nuna mana a bayan kyamara ya faranta mana rai matuƙa, domin mu ne sak, da kalarmu da komai.

Hotunan da aka kawo mana bayan gyara su ne suka ɓata al'amarin. An haskaka mana fata har ta kai ƙanwar wadda zan aura ta kira ta tana tambaya ko ta fara shafa man bilicin ne ba ta faɗa mata ba. An goge fuskokinmu sumul tamkar roba, an share ɗan tabon da ke kan girata tun ina yaro, amma an manta da hannuwana, waɗanda suka tsaya da baƙinsu a kusa da fuskar da ba tawa ba. Hatta ciyawar da muka gani kore shar ta koma ruwan ƙasa. Da na kira shi, amsar da ya ba ni ita ce: "Yallaɓai, ai haka kowa yake so yanzu." Wannan maganar ta fi gyaran kansa ɓata mini rai, domin babu wanda ya tambaye mu abin da muke so. Na roƙe shi ya ba mu asalin hotunan da ba a taɓa ba, waɗanda ake kira RAW, ya ce ba ya cikin yarjejeniyarmu. Na san masu wannan sana'a da yawa ba sa bayar da su, don haka ban ja da shi a nan ba.

Tun daga nan kuma na fara tuno abubuwan da na kawar wa kai a ranar. Shi da ya yi ta nanata muhimmancin lokaci, shi ne ya zo a makare, kuma bai nemi izinin shiga da kayan aiki ba, sai da masu gadi suka tsayar da mu a bakin ƙofa ana ta magana rana tana ƙara yin ƙasa. Wurin da ke gefen tafki, wanda saboda shi muka zaɓi lambun, duhu ya riga mu isa gare shi.

Ya amince ya sake gyara wasu, kuma waɗanda ya dawo da su da launinmu na gaskiya sun yi kyau ƙwarai. Sai dai ta WhatsApp ya turo su a matsayin hoto na yau da kullum, manhajar ta matse su, da aka gwada buga babba sai ya fito dishi-dishi. Har yanzu muna jiran ya turo cikakkunsu tare da sauran da ya yi alkawari, kuma na dakatar da batun albam sai na ga kowane hoto da idona.