Kabewar gaske ko ta roba? Abin da za ki saya idan za ki tara yara a gida daren Halowin

Da zarar Satumba ta ƙare, shagunan Amurka sai su koma launin ruwan lemo da baƙi, yaranmu kuma su riƙa dawowa daga makaranta da zance ɗaya: me za su sa ranar 31 ga Oktoba, daren Halowin, bikin da ake ƙawata gida da kabewa, yara kuma su yi shigar kwaikwayo su bi gida-gida neman alewa. Na san a cikinmu akwai waɗanda ba sa kusantar Halowin ko kaɗan saboda asalinsa, kuma ina girmama ra'ayinsu. Mu a gidanmu mun zaɓi mu tara yaran 'yan uwa, 'yan shekara uku zuwa bakwai, a falo su yi wasa, babu mai fita bin gidajen mutane cikin duhu da sanyi. Abin yakan tuna min da tashe, lokacin da yayyena ke liƙa gemun auduga su zaga unguwa da azumi. Bana shekara ta huɗu ke nan ina yi, na kuma zubar da kuɗi a kan tarkace ba kaɗan ba.

Kabewa iri uku za ki tarar a kasuwa. Ni tawa ita ce ƙaramar nan mai zaƙi da suke yin fanke da kek da ita, wadda ba ta wuce kilo ɗaya zuwa biyu ba. Yaro ɗan shekara huɗu zai iya rungumarta ya kai tebur da kansa, kuma ba sai an kawo wuƙa ba. Ki ba kowane yaro tasa, ki zube musu sitika da alƙalamin launi mai wankuwa, su yi mata ido da haƙora yadda suka ga dama. Bara wata 'yar ƙawata ta ɗaura wa tata ɗankwali ta ce ai Hajiya ce, kusan awa guda babu wanda ya nemi waya. Tunda ba a huda ta ba, takan yi makonni ba ta lalace ba. Wajen zaɓe ki ɗaga ki ji nauyi, ki duba hancinta ya bushe ya yi ƙarfi, ki danna gindinta. Idan ya lotsa ki ajiye. Bayan biki ki fere bawon da aka zana, ki sami gyaɗa da alayyafo, ga miyar taushe ta samu. 'Ya'yan cikin ma a wanke a gasa da ɗan gishiri.

Babbar da ake sassaƙa wa fuska ruwa ne da zare a cikinta, ba ta daɗin miya, kuma kwana uku zuwa biyar bayan an huda ta sai funfuna da ƙananan ƙudaje. Ta roba kuwa ba ta da wani amfani ban da cin wuri a kabad.

Kyandir na wuta ki manta da shi a ɗakin da yara ke guje-guje da dogayen riguna. Ƙananan kyandirori masu batir ma ban sake jiki da su ba, domin yawancinsu batirin nan mai kama da kwabo ke ciki. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona wurin cikin awa biyu. Saboda irin wannan ne Amurka ta yi doka a 2022 da ta tilasta a rufe mazaunin batirin yadda yaro ba zai iya buɗewa ba. Ki juya ki gani: idan da farce kawai murfin ke buɗewa, babu sukuru, kada ki saya. Na fi son igiyar fitilu mai manyan batura, a rataye ta can sama.

Inda na ƙone shi ne fentin fuska. Shekarar farko na sayo wani kwali mai launi goma sha biyu a intanet, da arha kamar kyauta. Na zana wa ɗana damisa. Kafin a raba alewa ya fara susa, da na wanke sai ga kumatunsa sun yi ja sun tashi, kwana huɗu muna shafa magani. Da na koma kan kwalin, babu jerin sinadarai, babu sunan kamfani, babu adireshi. Irin waɗannan sun cika kasuwannin intanet daga Satumba: hoto mai kyau, ɗaruruwan yabo masu kama da juna kamar mutum ɗaya ya rubuta, mai sayarwa kuma ya ɓace a Nuwamba. Rubutun "ba ya cutarwa" a jikin kwali ba shaida ba ce, kowa na iya bugawa. Wasu fentin takarda suke zubawa a sabon mazubi su kira shi na fuska. Ki nemi cikakken jerin sinadarai, ki shinshina, ki shafa kaɗan a hannun yaro kwana biyu kafin ranar. Kuma don Allah, 'yar uwa, kada ki ce bari ki maye gurbinsa da kwallin da aka kawo miki daga gida. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta sha gargaɗi cewa ana samun dalma a cikinsa. Yanzu kunnen mage na kwali da hula kawai nake saya.

Alewa ma sai an karanta bayan leda. Masu taushi da danƙo da yawa akwai gelatin a ciki, wato sinadarin danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabba, sau da yawa na alade. Alewar kamfanin Haribo da aka yi a Turkiyya gelatin ɗinta na saniya ne, ana samunta a shagunan halal, amma ki duba ƙasar da aka rubuta a ledar, kada ki dogara da ɗan tambarin da aka liƙa daga baya. Buhun alewa mai rahusa da ba a san inda aka ɗura shi ba, ki bar musu kayansu. Yaran da ba su kai shekara huɗu ba kada a ba su alewa mai tauri ko gugguru, suna shaƙewa. Su lemun tanjarin nake ɓare musu, in soka ɗan koren ganye a tsakiya ya zama ƙaramar kabewa, in haɗa da cincin ɗin da na soya tun jajibiri. Kafin ranar kuma ki kira iyaye ki tambaya ko akwai yaron da gyaɗa ba ta karɓe shi ba.