Kurume ko Satsuki: wacce za ka ɗauka uwa?

Mai son fitar da sabon irin azaliya, wato wani ƙaramin itacen furanni, musamman wadda ganyenta ba ya kaɗewa duk shekara, yakan tsaya tsakanin dangi biyu na Japan: Kurume da Satsuki.

Kurume ta samo sunanta ne daga wani gari a tsibirin Kyushu. Furanninta ƙanana ne, amma a watan Afrilu sukan rufe ta ruf, ka nemi ganye ka rasa. A 1918 masanin tsirrai Ernest Wilson ya je garin ya zaɓo wa Amurka iri 50. Ba ta da rigima, launin da ka dasa shi za ka gani.

Satsuki kuwa sai Mayu zuwa Yuni, sunanta ma yana nufin wata na biyar. Ita ta fi kwanta mini a rai. A jikin itace ɗaya ga fure fari fat, ga mai zanen ja, can gefe ga ja wur. Wannan adon ne wahalarta: in ka yanki reshe mai ja zalla ka dasa, yawanci ja za ka samu, zanen ya tafi. Don haka tun tana fure ake ɗaura wa reshen kirki zare don a gane shi.

Kowacce ka barbara, ƙasa mai tsami take so, kuma ƙwayar irin takan kai shekara 3 kafin furen farko.